Kalmar Kafur a Hausa: Asalinta da Faɗaɗar Ma'anarta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi kalmar kafur kamar yadda ake amfani da ita a garin Jos. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka da hunturu ya kama sai a ga man shafawa mai kafur, irin su Robb da Mentholatum, ya cika teburan 'yan tireda a Terminus. Abin lura shi ne, kalmar ɗaya ce, amma abubuwa biyu mabambanta take nufi.

2.0 Asalin Kalmar

Hausa ta ari kafur daga Larabci, kuma sigar kalmar kanta shaida ce, domin galibin sunayen Hausa na asali da wasali suke ƙarewa. Larabcin ma aro ya yi. Masana suna danganta kalmar da karpura ta Sanskirit da kapur ta harshen Malay, musamman kapur Barus, wato wanda ake fitarwa daga tashar Barus ta tsibirin Sumatra. Ta hanyar Larabci ne kuma ta shiga Latin, har ta kai ga Ingilishi.

Addini ne ya ba ta gindin zama a Hausa. An ambaci kafur a Alƙur'ani, a aya ta 5 ta Suratul Insan, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo sanya shi a wankan ƙarshe na mamaci, bayan ruwa da magarya. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san shi a matsayin abu mai tsarki da ƙanshi.

Wannan kafur na ainihi ana samun sa ne ta hanyar turara itacen wata bishiya ta Sin da Japan da Taiwan, tururin ya daskare ya bar farin ƙanƙara da mai. Tun bayan da Gustaf Komppa ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1903, na masana'anta ya yi ta yawaita. Shafa shi a ƙirji yana sa mai mura ya ji hanci ya buɗe, amma haɗiye shi yana iya jawo wa yaro jijjiga.

3.0 Faɗaɗar Ma'ana

Fararen ƙwallayen da mata ke jefawa cikin akwati don korar asu da kyankyaso su ma kafur ake ce musu, alhali naftalin ne, wanda ake tacewa daga kwal ko ɗanyen mai. Fari da kaifin wari ne suka haɗa su, suna ya bi kama.

A nan ne batun ya wuce na nahawu. Naftalin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar gado da ta yawaita tsakanin 'ya'ya maza a Afirka ta Yamma. Jaririn da aka naɗe da zanen da ya daɗe cikin irin wannan akwati yana iya kamuwa da shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da waɗannan ƙwallaye a 2008. Uwar da ma'aikaciyar jinya ta ce wa ta raba kayan jariri da kafur tana iya mamaki, tunda sunan abin da ta sani a littafi ne aka kira. Ya kamata masu ƙamus su ba kalmar ma'ana biyu a rarrabe, masu fassara saƙon lafiya kuma su riƙa cewa kafur na akwati. Hausa ba ita kaɗai ba ce: a Indunisiya ma, inda sunan ya taso, kapur barus ake kiran ƙwallayen akwati.