Wangari Maathai, Mai Dashen Itatuwa Da Ta Shiga Gwamnatin Kenya

A wannan fitowa mun kawo muku labarin wata mace 'yar ƙasar Kenya wadda ta fara aiki da matan ƙauye, har ta kai ga kujerar Mataimakiyar Minista.

An haifi Wangari Maathai a 1940 a ƙauyen Ihithe, cikin gundumar Nyeri. Iyayenta manoma ne. Ta yi makarantar mishan, sa'an nan a 1960 ta tafi Amurka ƙaro ilimi. A 1971 Jami'ar Nairobi ta ba ta digirin dakta, ita ce kuwa mace ta fari da ta sami wannan a duk Afirka ta Gabas da ta Tsakiya.

Amma ba takardar ce ta sa aka san ta ba. A taron Majalisar Matan Kenya ta riƙa jin kukan matan karkara: itacen girki ya yi nisa, rafuffuka suna ƙafewa, ruwan sama yana kwashe ƙasar gona. Sai ta ce a dasa itatuwa. Ran 5 ga Yuni 1977 suka dasa guda bakwai a Nairobi, daga nan ne ƙungiyar Green Belt Movement ta tashi. Ma'aikatan gandun daji suna ganin wannan aikin masu takarda ne. Ita kuwa ta ce matar da ta iya shuka wake ta iya shuka itace. Mata suka shiga tsintar iri a dajin da ke kusa da su, suna renonsa a cikin fasassun tukwane, inda kaji da awaki ba za su kai ba. Akwai wata ka'ida tasu da ya kamata ƙungiyoyinmu na gama kai su duba da kyau: ba a biyan mace ladanta ranar dashe, sai itacen ya kama ya rayu. Kafin 2004 sun dasa itatuwa wajen miliyan 30.

Gwamnatin Shugaba Moi ba ta ji daɗinta ba. A 1989 ta ƙi yarda a gina bene mai hawa 60 a filin shan iska na Uhuru, aka yi ta zaginta har a cikin Majalisa, amma ginin bai yiwu ba. A 1992 'yan sanda suka doke ta har ta suma. A 1999 kuma aka fasa mata kai a dajin Karura, inda ta je dashe.

A Disamba 2002 mutanen Tetu suka zaɓe ta zuwa Majalisar Dokoki da kashi 98 cikin ɗari na ƙuri'u. A Janairu 2003 Shugaba Kibaki ya naɗa ta Mataimakiyar Ministan Muhalli da Albarkatun Ƙasa. A ganina kujerar ta yi mata kaɗan, gama akwai Minista a samanta, ba ita ke yanke magana ba. Tana kan wannan kujera a 2004 aka ba ta Kyautar Nobel ta Zaman Lafiya, mace ta fari daga Afirka.

A cikin gwamnati ne ta gamu da gardama mai wuya. Akwai wani tsari da ake kira shamba, watau a bar manomi ya yi noma a tsakanin ƙananan itatuwa cikin gandun gwamnati har su girma. Talakan da ba shi da gona yana son tsarin ƙwarai, kowa kuwa ya san dalili. Ita ta tsaya a kan cewa tsarin yana cinye dajin asali na kan tsaunuka, inda koguna ke fitowa, a maye shi da baƙin itatuwan katako waɗanda ba su riƙe ruwa kamar na dā. Waɗansu manoma ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan. A 2005 ne kuma aka yi sabuwar dokar daji wadda ta ba ƙungiyoyin ƙauye damar sa hannu cikin lura da gandun da ke kusa da su.

Ta bar kujerar a 2005, a zaɓen 2007 kuma ta rasa mazaɓarta. Ta rasu a Nairobi ran 25 ga Satumba 2011. Bisa ga wasiyyarta, ba a sare itace domin akwatin gawarta ba, da gora da ciyayin ruwa aka yi shi.