Daren Kaza Mai 'Ya'ya a Birnin Damagaram

Kaza takan kwanta a kan ƙwai kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Ranar da ta fito da 'ya'yanta goma ko goma sha biyu, uwar gida takan yi murna, amma duk wadda ta daɗe tana kiwo ta san ba dukansu za su kai girma ba. Wasu shirwa za ta sure su da rana tsaka. Da yawa kuwa da dare ake rasa su, a wayi gari a tarar da fuka-fukai a bakin akurki, ko gawa a gefe babu ko ƙwarzane a jikinta.

Unguwar Birni a Zinder, wato Damagaram, tana da nata yanayi. Nan ne tsohon garin da aka kewaye da ganuwa a zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, kuma nan fadar Sarkin Damagaram take har yau. Gidajen ƙasa ne manne da juna, da lunguna matsattsu, ga manyan duwatsu zube a tsakanin gidaje, ga kangaye inda gini ya rushe ba a tayar ba. Abin da ya ba unguwar kyau shi ne kuma ya ba kusu da gafiya da maciji da muzuru maɓoya. Mai kaza a Birni ba ta fama da dila kamar mutanen karkara. Maƙiyanta suna zaune tare da ita, a cikin katangar gidanta.

Tambayar da sabon mai kiwo ya fi yi ita ce, shin a bar wa 'yan tsaki abinci da ruwa su kwana da shi? Tausayi ne ke kawo tambayar, domin dare a Zinder yakan kai awa goma sha ɗaya zuwa kusan goma sha uku, gwargwadon lokacin shekara, kuma mutum yana ganin ɗan halitta mai wannan ƙanƙanta ba zai jure ba. Amsar ita ce ba sa bukata. Kaza ba ta gani sosai a duhu, ba ta kuma cin abinci sai da haske. Akwai wata 'yar jaka a gindin wuyan kaza inda abinci ke taruwa kafin ya gangara zuwa ƙundu. In ɗan tsako ya ƙoshi kafin magariba, za ka ji jakar nan ta yi tauri a ƙarƙashin yatsanka, daga nan abincin yake sauka a hankali har asuba. Wanda aka ƙyanƙyashe yau ma yana da guzurinsa, domin kafin ya fasa ɓawo yakan shanye sauran kwaiduwa a cikinsa, ta riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa uwa takan ci gaba da kwanciya tana jiran ƙwan da ya makara, na farko kuma bai mutu da yunwa ba.

Masu gidan gona da ke sayo 'yan tsakin inji sukan kunna musu fitila su kwana suna ci, daga nan wasu suka ɗauka haka ake yi wa kowane ɗan tsako. Waɗancan ba su da uwa, fitilar ce ɗuminsu. Wanda ke da uwa, in ka kunna masa haske, fitowa zai yi daga ƙarƙashin fiffike ya tafi tsattsaga, sanyi ya kama shi. A makon farko ɗan tsako yana bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, jikin uwarsa kuwa yana kusan 41. A watan Disamba da Janairu, lokacin hunturu, daren Zinder yakan sauka ƙasa da digiri 15. Ɗan tsakon da ya rabu da uwa a irin wannan dare ba lallai ya kai safiya ba. Kaskon gawayi da wasu ke sakawa a rufaffen akurki shi ma haɗari ne, iskar da garwashi ke fitarwa tana kashe kaji ba tare da an ji motsinsu ba.

Abincin da aka bari ya kwana kuwa, ba 'yan tsaki ke cin sa ba. Ƙamshin dusa da tsakin gero shi ke kiran kusu. Kusu ya saba da wurin, watarana ya wuce dusa ya ja ɗan tsako ta ƙafa. Inda kusu ya yawaita, maciji na tafe. Saboda haka a ba su su ƙoshi bayan la'asar, da tsakin gero ko na dawa, da ɗan ƙuli-ƙuli daƙaƙƙe, da gara in an samu. Mutanen karkara sun iya kamun gara: a cika tsohuwar tukunya da kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin shuri, washegari a ɗauko ta cike. Wannan shi ne naman 'yan tsaki, kuma girmansu yana nunawa. In rana ta faɗi, a kwashe kwano, a share abin da ya zube. Ruwa ma a ɗauke shi, ko a bar shi a faranti marar zurfi da tsakuwa a ciki, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40. Ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, in ma ya fita a jiƙe sanyi ya ƙarasa shi. Da gari ya waye sai a fara ba su ruwa, abinci ya biyo baya, kada a bar su a kulle har hantsi.

Akurkin shi ne babban aiki. Kife kwando a kan uwa da 'ya'yanta a tsakar gida yana hana shirwa da hankaka, amma muzuru yana ture shi, gafiya kuma ta haƙo ta ƙarƙashi. Gafiya tana iya wuce kilo guda, ƙasa mai laushi ba ta tsayar da ita. A daɓe ƙasan akurki ya yi tauri, ko a zuba siminti. Ƙofa ta zama katako ko kwano mai sakata, domin dutsen da aka jingina da faifai ba rufi ba ne. Tagar shan iska a sa mata ragar waya mai ƙananan idanu, kimanin santimita ɗaya. Ragar kaji da aka fi sayarwa idonta ya kai santimita biyu da rabi, ƙaramin maciji da kusu suna ratsa ta. Uwar kaza tana da zuciya da rana, takan baza fiffike ta tunkari abin da ya fi ta. Da dare ba ta ganin abokin faɗa, ba abin da take iyawa sai kuka.

Akwai maƙiyin da sakata ba ta tarewa. Kaskar kaji takan ɓuya a tsagar bangon ƙasa da rana, ta fito da dare ta sha jini, ta koma kafin asuba. Mai kaza za ta ga 'yan tsaki suna ramewa, ta duba jikinsu ba ta ga babbar kaska ba. A haska bango da tocila bayan isha'i, za a gan su. Maganinsu shi ne a yaɓe tsagar, a shafa farar ƙasa, a canza shimfiɗa, a zuba toka inda kaji ke birgima. Haka nan kazar da aka sayo daga Kasuwar Dole ta Zinder, kada a kwana da ita a akurkin 'yan tsaki sai ta yi mako biyu a ware, saboda cuta. Mutanen jihar Damagaram ba su manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magaria.

Da damina, lokacin da zabi ke saka ƙwai, mata sukan sa wa kaza ƙwan zabuwa ta kwanta, domin ta fi zabuwa haƙurin reno. Wannan yakan ɗauki kwana 26 zuwa 28. 'Yan zabi sun fi 'yan tsaki rauni a gaban sanyi da laima, raɓar safiya kaɗai tana iya kashe su, don haka su ba a sakin su sai ƙasa ta bushe. 'Yan tsakin kaza kuwa sukan cika gashi a mako na biyar zuwa na shida. Daga nan uwa takan fara tsattsage su tana korar su, ta koma saka ƙwai, su kuma su fara neman wurin hawa su kwana. A lokacin ne ya kamata a gitta musu sanda a cikin akurki, kafin su saba da kwana a kan katanga inda muzuru da mujiya ke iske su.