Abin da ya sa ɗan wasan Ingila yake shiga kowace riga

A 1949 aka fitar da wani fim na barkwanci a Ingila mai suna Kind Hearts and Coronets. Labarin wani matashi ne da ke kwaɗayin sarautar dangin mahaifiyarsa, amma mutum takwas sun tare masa hanya: akwai tsohon limamin coci, da janar, da babban hafsan sojan ruwa, da mai banki, har da wata mace mai fafutukar a bai wa mata ƙuri'a. Alec Guinness ne ya fito a matsayin su takwas ɗin gaba ɗaya. Shi ne kuma kanar mai taurin kai a The Bridge on the River Kwai na 1957, wanda ya ba shi kyautar Oscar, kuma shi ne dattijo Obi-Wan Kenobi a Star Wars na 1977. Judi Dench ta fara da wasannin Shakespeare a dandamalin Old Vic a 1957, ta yi shekaru tana sa mutane dariya a talabijin, sannan daga 1995 ta zama shugabar James Bond. Masu kallo kan ce baiwa ce. Ni ina ganin yawancinta aikin dole ne, kuma tsarin neman abinci ne ya haifar da ita.

Tushen abin yana gidajen wasa na lardi. Tun farkon ƙarni na 20 garuruwa irin su Mancasta, Libaful da Bamingham suka kafa gidajen da ke riƙe ƙungiyar 'yan wasa guda ta tsawon kakar wasa. Na Bamingham Barry Jackson ne ya buɗe shi a 1913, kuma a can Laurence Olivier ya goge yana saurayi. A ƙananan garuruwa wasa sabo ake sawa kowane mako, domin masu sayen tikiti ba su da yawa, kuma su ɗin ne dai za su dawo mako mai zuwa. Ɗan wasa zai yi bitar wasan mako mai zuwa da safe, ya haddace magana da rana, da dare ya hau dandamali da wasan wannan makon. 'Yan ƙungiyar ba su kai yawan mutanen da ke cikin labaran ba, don haka yaro ɗan shekara ashirin da biyu zai manna gemu ya zama kaka yau, mako mai zuwa ya zama ɗan sanda, na gaba ya zama bara. Wanda ya ce shi sai saurayin labari kaɗai ya iya fitowa, ba zai kai ƙarshen kakar wasa ba. Aikin yakan fito da gaggawa, wani lokaci ma da ƙazanta, amma wanda ya yi shekara uku a haka ya daina tsoron kowace irin rawa.

Sai kuma ƙanƙantar kasuwar fim ta Birtaniya. A Hollywood manyan kamfanoni kan ɗaure jarumi da kwantiragin shekaru, su gina masa siffa guda su riƙa sayar da ita. Mai shiga kallon John Wayne ya san abin da zai tarar. A Landan ba a cika samun fim ɗin da zai riƙe mutum shekara ba, sai ya haɗa da dandamali, da wasannin rediyon BBC inda murya kaɗai ce jarinsa, daga baya da talabijin. Makarantun koyon wasa irin su RADA, da aka kafa a 1904, sun dage kan numfashi da furuci da tsayuwa, saboda mai zama a kujerar ƙarshe ma ya biya kuɗi, dole ya ji waƙen Shakespeare ba tare da lasifika ba. Akwai ma al'adar wasan Kirsimeti da namiji ke sa kayan tsohuwa ya yi shashanci. Ian McKellen da kansa ya yi haka a Old Vic a 2004, bayan duniya ta san shi da rawar Gandalf a fim, kuma babu wanda ya ga zubewar girma a ciki.

Amfanin ya fito fili, amma Amurka ce ta fi kwasarsa. Duk lokacin da ake buƙatar mai furta maganar sihiri ko ta sararin samaniya a ji kamar gaskiya, sai a nufi Landan: Patrick Stewart daga kamfanin Royal Shakespeare zuwa Star Trek a 1987, Maggie Smith zuwa Harry Potter, Anthony Hopkins daga mai cin naman mutane a wani fim na 1991 zuwa hadimin gida mai ɓoye zuciya a The Remains of the Day bayan shekara biyu. Haka kuma tsufa bai cika kashe musu kasuwa ba, tunda ba kyan fuska suke sayarwa ba. Dench ta haura sittin lokacin da ta ci Oscar da fitowar kusan minti takwas a Shakespeare in Love.

Akwai gefen da masu yabo ba sa son tsayawa a kai. Wanda aka koya wa cewa zai iya zama kowa, sai ya ɗauka har da kowace al'umma. Olivier ya shafe jikinsa da baƙi ya yi Othello a fim ɗin 1965, shekara guda bayan haka ya fito a matsayin Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, a fim ɗin Khartoum, yana zare ido da wani lafazi na ƙirƙira. Guinness ya yi Yarima Faisal a Lawrence of Arabia, ya kuma yi farfesa Ba'indiye a A Passage to India har a 1984. Ƙwarewa ce, ba musu, amma ƙofa ɗaya take buɗewa: Bature ya zama Balarabe, Balarabe kuwa ba a kira shi ya zama sarkin Ingila ba. Sai a farkon wannan ƙarni David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama baƙar fata na farko da kamfanin Royal Shakespeare ya ba shi rawar sarkin Ingila, Henry na Shida.

Yanzu injin da ya ƙera waɗannan mutane ya tsaya. Talabijin ta janye masu kallo tun daga shekarun 1950, kuma riƙe ƙungiya ta dindindin ya fi ƙarfin aljihun gidajen lardi. Yau ana ɗaukar 'yan wasa ne don wasa guda a sallame su. McKellen, wanda ya fara a Coventry a 1961, ya sha kokawa a kan haka. Illar da ta fi tsanani ita ce ta aji. Wancan tsari yana biyan matashi albashi, komai ƙanƙantarsa, yayin da yake koyo, kuma a lokacin ƙananan hukumomi suna ba da tallafin karatu. Ta haka ɗan mai gidan burodi kamar Hopkins ya samu shiga. Yau wanda iyayensa za su iya riƙe shi a Landan yana jiran aiki shi ke daɗewa a layi, shi ya sa sunayen 'yan makarantun masu kuɗi irin su Eton da Harrow suka yawaita: Eddie Redmayne, Tom Hiddleston, Benedict Cumberbatch. Sun iya aiki, amma daga ƙofa guda suka fito.

Baƙaƙen 'yan wasan da suka gaji horon kuwa sukan tarar da rawar da ake ba su a gida ta yi kaɗan, sai su ƙetare teku. Chiwetel Ejiofor ya yi Othello a Landan a 2007, ya ja ragamar 12 Years a Slave a 2013. Oyelowo ya zama Martin Luther King a Selma a 2014. A 2017 Samuel L. Jackson ya fito fili ya yi ƙorafi cewa 'yan Birtaniya suna karɓe labaran baƙaƙen Amurka daga hannun masu su.