NA'A-NA'AR DUTSE: TSIRON DA KE KWANA ƘARƘASHIN ƘANƘARA

A gabashin Amurka da wani yanki na Kanada akwai wani tsiro, ɗan'uwan na'ana'ar nan da muke sa wa shayi, wanda mutanen can ke kira na'ana'ar dutse, ko da yake galibi a makiyaya da bakin kurmi yake fitowa. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, André Michaux, shi ya raɗa wa danginsa suna Pycnanthemum cikin littafinsa da ya fito a 1803, kuma ire-irensa sun kai wajen 20. Masu lambu suna ji da shi domin in ya yi fure, ƙudan zuma har rububinsa suke yi.

To, hunturun can ba irin namu ba ne na hazo da kaushi. Ƙasa ce ke daskarewa wata da watanni. Da sanyi ya kankama sai ganyen ya bushe, karan ya tsaya ƙeƙas, wanda bai san shi ba ya ɗauka ya mutu, har ya kai ga tumɓuke shi. Nan fa asarar take, don kuwa ransa yana ƙasa, cikin saiwoyin da ke rarrafe suna jiran bazara. Akwai irin da ke jure sanyin da ya kusa digiri 40 ƙasa da sifili.

Abin da ya fi yi masa lahani shi ne ƙasa ta daskare yau, gobe ta narke, har ta turo saiwar sabon dashe waje, iska ta busar da ita. Saboda haka sai a jira ƙasa ta daskare tukuna, sa'an nan a lulluɓe gindin da busasshen ganye. Busasshen karan kuwa a ƙyale shi, ko da bai yi kyaun gani ba, domin shi ke tare ƙanƙarar da ke zame wa saiwa bargo, ƙwari masu amfani kuma suna fakewa a cikinsa. Taki ba shi da amfani a wannan lokaci.

Na cikin tukunya shi ne abin tausayi, don sanyi yana shigarsa ta kowane gefe, ruwa kuma in ya kwanta sai saiwa ta ruɓe. Akan binne tukunyar a ƙasa har baki, ko a kai ta rumfar da ba a ɗumamawa.

Wajen watan Afrilu, in toho ya leƙo, a sare tsohon kara, a raba saiwar da ta yi yawa a dasa wani wuri, in ba haka ba cikin 'yan shekaru sai ya mamaye fangalin maƙwabtansa.