Jar Fitilar Baƙin Mai: Bambance Laifin Na'ura da Laifin Inji

Fitilar baƙin mai da ke allon gaban direba ba yawan mai take nunawa ba, matsinsa take nunawa. Wata ƙaramar na'ura da aka ɗaure a jikin inji ce ke sarrafa ta. A cikinta akwai tantani da mai ke turawa. Idan matsi ya faɗi ƙasa da kimanin rabin bar, sai mahaɗin lantarki ya rufe, fitilar ta kama.

Saboda haka kamawar fitilar na da fassara biyu: ko na'urar ta lalace, ko inji na aiki ba isasshen mai, wanda kan kashe shi cikin mintoci kaɗan. Matakin farko shi ne kashe mota da duba yawan mai. Daga nan bakanike zai kwance na'urar, ya ɗaura ma'aunin matsi a gurbinta, ya tayar da inji har ya yi zafi. Idan matsi ya kai abin da kamfanin motar ya ƙayyade, na'urar ce ko wayarta ke da laifi. Sai a sauya ta ba tare da tsananta ɗauri ba, a duba yoyo. Idan kuwa matsi ya gaza, sabuwar na'ura ba magani ba ce. Famfon mai ko sassan inji da suka cinye za a bincika.