Daminar Fazzan a ƙarƙashin ƙasa take

Duk wanda ya taso daga Maraɗi, Damagaram ko Katsina ya san abin da ake nufi da hadari ya haɗo: murna ce, a fito da iri a nufi gona. A nan Sabha ba haka lissafin yake ba. Shekarun da na yi ina sarin kayan gwari da dabino a garin nan sun nuna mini cewa manomin Fazzan bai jiran sama. Ruwan da ke sauka a shekara guda bai cika kai milimita 10 ba, wata shekarar ma ko ɗigo babu.

To da me ake noman? Da ruwan da ke kwance ƙarƙashin hamada tun dubban shekaru, lokacin da Sahara take da dausayi. Shi ake jawowa da rijiyoyin burtsatse a Wadi Shati, da Wadi Hayat ta wajen Ubari, da Murzuk da Taragin. Irinsa ne ake turawa Tarabulus daga rijiyoyin Dutsen Hasawna tun 1996. Ruwa ne da ake ɗiba ba a mayarwa, shi ya sa tsofaffin manoma ke cewa rijiyar da uba ya haƙa ba ta isar ɗa, sai ya ƙara zurfi.

Saboda haka fari a nan ba rashin damina ba ne, ɗaukewar wuta ce. A watannin Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne lantarki ya fi yankewa. Famfo ya tsaya, janareto na son mai, man kuma sai an bi dogon layi ko a saya da tsada a bayan fage. Kwana biyu ko uku ba ban-ruwa, tumatir ya zubar da fure, kankana ta tsaya, safsafar da ake yanka wa dabbobi ta ƙone. Mu a kasuwa sai mu wayi gari akwatin tumatir ya tashi, matan gida na tambaya ko mu ne muka ƙara. Wallahi ba mu ba ne, Hajiya, famfo ne.

Kowane lokaci da nasa. A Disamba da Janairu, sanyin dare na iya kai ruwa ga daskarewa, ya dafa ganyen tumatir da barkono kafin gari ya waye. Da bazara kuma sai gibli, iskar kudu mai zafi da rairayi. Takan zo ne a kusa da lokacin da ake hawa dabino a sa furen namiji cikin na mace, alkama da sha'ir kuma na cika ido. Ta yayyaga ledar rumfunan shuka, ta binne ƙananan tsiro, ta tsayar da motocin da ke bin hanyar Gatrun zuwa Agadas.

Amma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ruwan da bai saba zuwa ba. A Yunin 2019 ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gat. A Agustan 2024 ta sake komawa Gat da Tahala, ta taɓa Kufra. Ranar Asabar 14 ga Satumba 2024 ta iso Sabha kanta: tituna suka zama gulbi, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. Garin da ba a gina shi don ruwa ba, ina magudana?

Ga dabino, wannan ne mafi munin lokaci, don yana tsakiyar nuna. Dabino na son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin rana. Idan ruwa ya jiƙa shi a kan uwa, sai fatar ta tsage, ya yi tsami, ƙwari su shiga. Wanda aka shanya a ƙasa kuwa ba a magana. Na san ɗan'uwanmu da ya biya kuɗin dabinon wani lambu tun yana kore, don ya samu sauƙi ya kai Agadas. Abin da ya kwasa a ƙarshe rabinsa sai dai a ba tumaki.

Abin lura, a makonnin nan ne ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri ranar 10 ga Satumba. Damina ɗaya ce ta haura arewa fiye da yadda ta saba. Ma'ana, ranar da gida ya fi bukatar aike, ranar ce jarinmu na nan ya jiƙe. Kuma duk shekarar da gero bai yi ba a gida, 'yan ci-rani kan ƙaru a gonakin Fazzan, ladan yini ya yi ƙasa.

Don haka ga 'yar shawara, 'yan'uwa. Kada a zuba jari duka kan amfanin da ke kan itace; a biya wani abu, saura sai an auna. Kafin a ƙulla ciniki da mai lambu, a tambayi zurfin rijiyarsa, a ga ko yana da sola ko janareto mai rai. A ɗora buhuna kan katako, a tanadi tamfol tun Agusta, ko da maƙwabta za su yi dariya. A buɗe dabino daga tsakiyar buhu a shinshina kafin a loda mota, don tsami bai ɓuya a hanyar kwana da kwanaki. Iyalai na gida kuma a yi mana uzuri idan aike ya yi jinkiri da kaka. Sannan a ware wani abu tun ana samu, don da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka can gida, ya tsare mana dukiyarmu a nan.