Na je Makango karɓar bashi, na dawo da wani lissafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da kifin banda a Maamobi, ranar Laraba kuma na baje shi a kasuwar Nima. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ruwan da kifin nan yake fitowa daga ciki ba. Abin da na sani kawai shi ne lambar wayar wata mata a Makango, can ƙetaren Yeji. Ni ina kiranta Davi, wato yaya a yarensu na Ewe, ita kuma tana ce mini Hajiya. Na tura mata kuɗi ta momo, ta ɗaure kwanduna ta ba direba, ni kuma na je tasha na karɓa. Shi ke nan cinikinmu, ba takarda, ba shaida.

A watan Satumba na 2023 na tura mata kuɗin kwando shida, mafi yawan abin da na taɓa ba ta a lokaci guda. Rabin kuɗin na adashi ne da na ɗauka. Mako biyu shiru, mako huɗu shiru. In na kira, ko dai wayar ba ta shiga, ko ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ruwa ne." Wane irin ruwa? Ai sana'arsu ce ruwa! Matan da muke zama tare a kasuwa suka ce mini, "An cinye ki, sai ki ɗauki dangana." Da Nuwamba ta kama sai na ce wallahi sai na je na gani da idona. Maigida ya ce ba zan yi tafiyar ni kaɗai ba, aka haɗa ni da ɗanmu na biyu, mai shekara goma sha biyu.

Hanyar Yeji

Daga Ankara muka kwana a mota zuwa Kumasi, daga nan muka canza wata da ta bi da mu Mampong, Ejura, Atebubu, sannan Prang, garin da mutanenmu da yawa suka sani saboda maulidi. Bayan Prang sai Yeji, inda kwalta ta ƙare a bakin ruwa. Ba ta kauce ba, ba ta yi kwana ba, kai tsaye ta gangara ta shige cikin tafki.

Wannan ita ce tsohuwar hanyar arewa. Kafin a yi dam ɗin Akosombo, mai zuwa Salaga da Tamale daga Kumasi ta nan yake bi, a fitar da shi a kogin Volta ya ci gaba da tafiya. An fara ginin dam ɗin a 1961, aka gama a 1965, ruwa ya taru ya zama tafkin da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum wajen 80,000 aka tayar daga garuruwansu aka zaunar da su a sababbin matsugunai 52. Babbar hanyar Tamale kuma ta koma ta Kintampo da Buipe da Yapei, aka bar Yeji da Makango suna kallon juna ta ƙetaren ruwa.

Akwai babban jirgin fito da ke ɗaukar motoci, amma ranar bai tashi da wuri ba, sai muka shiga dogon jirgin katako mai inji. An loda mutane, da babura, da buhunan gishiri, da akuya biyu. Muna tsakiyar ruwa yaron ya taɓa ni ya ce, "Mama, mene ne wancan?" Busassun itatuwa ne tsaye cikin ruwa, baƙaƙe, ba ganye ba reshe. Wani dattijo da ke kusa da mu ya ce masa, "Ɗana, dajin da ruwa ya ci ne. Waɗanda kake gani ba su ne abin tsoro ba. Waɗanda ba ka gani su ne suke fasa jirgi." Daga nan na kama salati har muka sauka. Rigar ruwa kuwa ba ta kai ko rabinmu ba.

Gari mai baki ɗaya

Makango ƙaramin gari ne a ƙasar Gwanja, cikin yankin Savannah na yanzu. Duk abin da ke motsi a garin yana bakin ruwa. In jirgi ya tsaya, nan da nan wuri ya cika: masu koko da ƙosai, masu soyayyen kifi da doya, 'yan babur, da yaran mota masu kiran Salaga. In jirgi ya tashi kuma, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan awaki da ƙarar famfo. Akwai Gwanjawa masu ƙasa, akwai masunta Ewe da mutanen Ada da suka hauro daga kudu bayan tafki ya cika, akwai Fulani da shanunsu a bayan gari, akwai kuma namu 'yan zango masu shaguna da fawa. Abin da ya ba ni mamaki, da Hausa yawancinsu suke ciniki da juna. Ban nemi tafinta ko sau ɗaya ba.

Davi ba a cikin gari take ba. Wani ɗan babur ya kai mu tungarsu, 'yar tafiya kaɗan ta cikin gonakin doya da rogo. Gidajen laka ne da jinka, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ga kwale-kwale a kife, ga raga a shanye a kan sanduna. Ba wutar lantarki, sai ɗan faifan sola a kan rufin wani gida, inda kowa yake kai wayarsa caji. Na tsaya ina kallon abin: ruwan da yake ba mu wuta a Nima, ga shi a ƙofar ɗakinsu, su kuma suna kwana da tocila.

Na zo da maganganu cike da baki. Da Davi ta gan ni sai ta saki muciyar da ke hannunta ta ce, "Hajiya! Ke ce da kanki?" Ba ta kawo wani hanzari ba. Ta ba mu ruwa, ta kama hannuna ta ce, "Zo ki gani."

Ta kai ni gangare. Wurin da gidansu yake da, babu abin da ya rage sai tulin laka da guntun bango. Murhunan bandarta guda uku sun narke sun koma ƙasa. A jikin wata bishiya ta nuna mini inda ruwa ya tsaya, ya kai mini ƙirji. Mu a Ankara mun ga labarin a talabijin: daga 15 ga Satumba aka fara sakin ruwa a Akosombo saboda tafki ya cika, Mepe da garuruwan ƙasan dam suka nutse. Abin da ban yi tunani ba shi ne, in tafki ya cika har ana sakinsa ta ƙasa, to na sama ma ruwan ya riga ya hau kansu. Buipe ma ta sha ruwa a lokacin. Kuɗina kuwa, ta ce, an sayi raga da man jirgi da su kamar yadda aka saba. Kifin da aka kama na farko yana kan murhu ruwa ya shigo da dare. Ragar kuma ta maƙale a kututture ta yage.

Na rasa abin cewa. Gani ya kori ji.

Yadda kwando yake cika

Kwana uku muka yi a tungar. Tun kafin asuba maza suke fita duba ragar da suka shimfiɗa da yamma. Da hantsi su dawo, mata su tare su a bakin ruwa da robobi. Karfasa ce ta fi yawa, sai tarwaɗa da ƙurungu, giwan ruwa kuwa sai an yi sa'a. Nan take za a fasa, a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, a jera a kan waya. Murhun da suke amfani da shi irin wanda ake kira Chorkor ne, sunan unguwar masunta ta nan Ankara inda aka fara shi: ginin laka ne, a ɗora faifan katako masu waya ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi ya ratsa su duka. Kifin da zai yi tafiya har zuwa wurinmu sai an yi ta juya shi a wuta har ya bushe ƙayau, in ba haka ba ya yi tsutsa a hanya. Davi tana tsaye cikin hayaƙin nan tun safe har dare, idanunta jajur. Ni da nake yi mata tsiya a waya in na ga kifi biyu sun karye a kwando!

Ta lissafa mini inda kuɗi yake tafiya: man jirgi, wanda wani lokaci sai a yi makonni bai zo ba sai a saya da tsada a hannun 'yan bumburutu; raga; itacen wuta; kwando da takardar siminti; kuɗin fito zuwa Yeji; kuɗin 'yan dako; kuɗin mota. Masunci ba ya zuwa banki. Mu ne bankinsa. Mu ba mai banda, mai banda ta ba masunci, shi kuma dole ya sayar mata a farashin da aka yanka tun kafin ya jiƙa ƙafarsa. In an samu, kowa ya ci. In ruwa ya ci, bashin yana kan na ƙasa.

Ruwan sha kuwa daga tafkin ake ɗiba, a nan ake wanka, a nan ake wanki. Davi ta hana yarona shiga, ta ce tsargiya ta yi yawa a yaran wurin. Asibitin kirki sai Salaga ko a ƙetara Yeji, kuma mai naƙuda da dare sai an nemi mai jirgin da zai yarda ya ratsa kututturan nan cikin duhu.

Yaron da ke nutso

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a rana ta biyu. Muna zaune a bakin ruwa wani kwale-kwale na wata tunga ya tsaya nesa kaɗan. Raga ta maƙale. Wani yaro da bai kai ɗana ba ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Muka yi ta jira. Ɗana ya riƙe mini zane yana cewa, "Mama, bai fito ba." Da ƙyar ya ɓullo, ya ja numfashi, ya sake komawa.

Na tambayi Davi ko ɗan mai jirgin ne. Ta girgiza kai. Ta ce wasu 'ya'yansu ne suke koya wa sana'a, wasu kuwa daga nesa ake kawo su, a ba iyayensu ɗan abin da ba a rasa ba. Dokar ƙasa ta san da wannan. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, akwai kuma dokar hana fataucin mutane ta 2005. Amma doka tana Ankara, kututture yana cikin ruwa. Daren nan na kasa barci. In ina matsa wa Davi ta rage mini farashi, ita ta matsa wa masunci, shi kuma wa zai matsa wa? Ban taɓa bin lissafin har ƙarshensa ba sai ranar.

Hanyar kakanni

Ranar Juma'a ɗan babur ya mayar da mu cikin gari. Bayan an sauko, wani tsoho mai sayar da goro ya ji Hausarmu ya ce, "'Yata, daga ina?" Na ce daga Maamobi, amma kakana Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Gwanja. Ya yi murmushi ya nuna hanyar Salaga da sandarsa, ya ce ayarin mutanenmu ta ƙasar nan suka yi ta bi da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fata su koma da goro. Ya ba ɗana labarin yaƙin Salaga na 1892, wanda ya watsa fatake, da yawa suka gangara Kete Krachi. A can babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete ɗin ma yanzu yana ƙarƙashin wannan ruwan. Yaron da a gida ba ya ɗaga kai daga waya, sai ga shi yana tambaya har na gaji na ce mu tafi.

Yadda muka rabu

Ban yafe bashin duka ba, don ni ma adashi yana kaina, kuma Davi ba ta roƙe ni na yafe ba. Mun zauna da mijinta, muka raba asarar gida biyu: rabi na ɗauka, rabi za ta riƙa biya da kifi, kaɗan-kaɗan a kan kowane kwando. Na ƙara mata abin da za ta sake gina murhu biyu a kan tudu. Sharaɗi ɗaya na kafa: kifin da za ta ɗaura mini kada ya fito daga jirgin da ake sa yaro nutso. Ta ce, "Hajiya, zai ɗan fi tsada." Na ce na ji. Ba ni da hanyar tabbatarwa daga Maamobi sai amanarta, amma dama a kan amana muka shekara goma sha ɗaya.

'Yan uwana 'yan kasuwa, masu albasa, masu doya, masu hatsi, masu shanu, kowannenmu yana da wata Davi a ƙarshen waya. Shawarata, ko sau ɗaya ne a je a ga inda kaya suke fitowa. A san watannin da ruwa yake hawa, wato ƙarshen damina, kada a zuba jari duka a hannu ɗaya a lokacin. In an ba da kuɗi, a faɗi tun farko yadda za a yi in asara ta zo, a gaban shaida. In kuma za a shiga jirgi, a nemi rigar ruwa, kada a ji kunyar sauka in lodi ya yi yawa. A tafi da yara su ma su gani.

Davi ta gama biyan rabinta kafin azumin da ya biyo baya ya ƙare. A kwandon ƙarshe na tarar da wani ƙulli daban, manyan tarwaɗa huɗu, an rubuta a jikin takardar da gawayi: na yaron Hajiya. Allah Ya tsare na kan ruwa da na kan hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.